Ranar da na koya wa kwamfuta jefa dayis

Mu biyar ne muke haɗuwa duk Asabar muna buga Dungeons & Dragons, wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Kafin a shiga labari, kowa sai ya ƙirƙiri jaruminsa, ya samo masa maki a siffofi shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da kwarjini. Jifa da lissafi kan cinye mana rabin yammacin, shi ya sa na zauna na rubuta ɗan shirin kwamfuta da harshen Python don ya ɗauke mana aikin.

A tsohuwar ƙa'ida, dayis uku ake jefawa, irin na lido mai fuska shida, a haɗa abin da suka nuna. Ƙaramin maki 3, babba 18. Sai na ce wa kwamfuta ta zaɓi kowace lamba daga 3 zuwa 18, layi ɗaya tal. Jaruman da suka fito kuwa ba tsari: wannan ƙarfinsa 18 basirarsa 4, wancan kwarjininsa 3 hikimarsa 17. Wani abokina ya dubi takardar ya ce, "Malam, wannan ba hannun dayis ba ne."

Gaskiyarsa. Na kwana ina juya abin kafin na gane. Shirina ya ba lambobin nan 16 dama iri ɗaya, don haka 18 tana fitowa sau ɗaya cikin 16. Dayis uku kuwa suna iya faɗuwa ta hanyoyi 216, kuma ɗaya ce kawai ke ba da 18, alhali hanyoyi 27 ke ba da 10, wasu 27 su ba da 11. Maki a tsakiya yake taruwa, shi ya sa idan mutum ya samu 18 ake tafa masa. Ni na kashe wannan daɗin ban sani ba, kuma abin ya dame ni ƙwarai.

Na sake rubutu: kowane dayis a jefa shi daban. Na kuma bi tsarin da aka fi amfani da shi yau, wato a jefa huɗu a yar da mafi ƙanƙanta. A nan hanyoyi 1,296 ne, 21 ke ba da 18, matsakaicin maki kuma kusan 12.24. Wannan karon ban yarda da idona ba, sai da na sa shirin ya yi jifa 100,000 na ƙirga, na ga ya zo daidai da lissafin takarda.

Kuskure na biyu ya fi ɓuya. Kowane maki yana ba jarumi ƙari ko ragi a jifarsa: ana cire 10 daga maki, a raba biyu, a sauko da sakamakon zuwa cikakkiyar lamba ta ƙasa. Mai maki 9 ragin 1 ya kamata ya samu, amma int, umarnin Python da na yi amfani da shi don samun cikakkiyar lamba, tana yanke -0.5 ta koma 0. Alamar //, wadda a Python take rabawa ta sauko da sakamakon ƙasa, ita ce ta gyara shi.

Daga baya na ƙara jerin maki 15, 14, 13, 12, 10, 8, da ake raba wa siffofin shida ba tare da jifa ba, ga wanda ba ya son dogaro da sa'a. Abokin nan da ya gano kuskuren har yau da hannunsa yake jifa, ni kuma in shigar masa da lambobin.