Rigar da Ta Hana Ni Alwala

Ranar sunan 'yar ƙanwata a Rigasa na sa rigar da na yi kwana uku ina fama da ita a kan keke. Atamfa ce mai ruwan goro da ratsin shuɗi, doguwar riga mai yanka a ƙugu, hannunta dogo har wuyan hannu. A gaban madubi ba ta da makusa, kuma tun daga zaure na fara shan "masha Allah, wa ya ɗinka miki?" Ni kuwa ina ta ƙasaita, ina cewa ai ni ce da kaina.

Da aka kira La'asar na ɗauki buta na tsuguna a bakin rariya. Na ja hannun rigar zan naɗe, ya zo tsakiyar dantse na ƙasa ya cije. Gwiwar hannu tana can, ko kusa bai kai ba. Na ja, na murza, na ji zare ya fara ƙara, na bari. Ƙarshenta ɗakin mai jego na shiga aka zuge mini zif ta baya, na zaro hannuwana na yafa zani, na je na yi alwalar na dawo aka sake zuge ni kamar buhu. A ruku'u kuma bayan rigar ya ɗaure ni tamau, har ina jin numfashina a kunne.

Goggo tana kan tabarma tana jan carbi, idonta a kaina. Sai da na shafa addu'a ta ce, "Ke, wannan ita ce ta takardar?"

Na ce, "Ita ce, Goggo."

Ta ce, "To ai matar da ke cikin takardar nan ba ta alwala."

Goggo ƙanwar babanmu ce, a Tudun Wada take, kuma tun kafin a haife ni take taka kekenta Butterfly a tsakar gida. Ba ta taɓa yanka da takarda ba. Ta ɗora miki tef a kafaɗa, ƙirji, ƙugu, mazaunai, tsawo, ta ninka atamfa, ta raba awon gida huɗu a ka, ta ja alli, sai almakashi. Haka akasarin telolin Kasuwar Barci suke yi, kuma haka ta koya mini. Matsalata ita ce hannuna rawa yake in na riƙe almakashi a kan sabon turmi. Na taɓa yanke wuya ya zarce har kafaɗa tana zamewa, yadi shida suka tashi a kayan zaman gida. Tun daga nan na koma wa fatan, wato takardar da aka riga aka zana siffar kowane ɓangare na riga, ke dai ki shimfiɗa a kan yadi ki bi gefenta. A tunanina na huta da lissafi. Ashe lissafin ne ya canza wuri.

Na farko da na samu wata abokiyar aikina ce ta ba ni, tsofaffin mujallun Burda na Jamus, masu wata babbar takarda a tsakiya da aka jibga zanen riguna da yawa a kan juna, ja da baƙi da kore da shuɗi, sai kin bi layinki da yatsa kamar mai neman gida a lungu. Ba wanda ya gaya mini cewa zanen cikin mujallar nan ba a sa masa alawus na ɗinki, wato ɗan rarar yadin da ake bari a gefe don ɗinki ya hau kai, ke za ki ƙara da kanki. Na kamfanonin Amurka irin su Simplicity da McCall's kuwa da alawus ɗinsu suke zuwa, santimita 1.5 a kowane gefe. Na kwafa na yanka daidai kan layi, siket ɗin ya tashi na 'yata mai shekara 13.

Na biyu daga intanet na saya, shafi 32. Na kai wani shagon buga takardu a unguwarmu, yaron ya buga mini tas, na dawo na kashe fanka, na kori yara, na yini a tsugune da salatif ina haɗa shafi da shafi. A shafin farko akwai wani ɗan akwati da aka rubuta cewa ya zama santimita 10. Sai bayan na gama haɗawa na ɗora masa tef: 9.5. Na'urar ta rage zanen don ya shige cikin takarda. Rabin santimita ba ya kama da abin tashin hankali, amma kashi 5 cikin 100 ke nan, a ƙirji mai inci 42 kuwa inci 2 ne suka tafi. Yanzu shafin farko kaɗai nake sa a fara bugawa, in ce a bar shi a kan 100, in auna a nan gaban kanta, sannan a saki sauran.

Duk waɗannan kurakuran takarda ne, sau ɗaya ake yin su. Abin da ya ɗauke ni shekara biyu kafin in fahimta shi ne ƙirji.

Da na duba jadawalin lambobi sai in nemi inda aka rubuta 42 in yanka wannan. Riga ta fito, ƙirji ya shiga lafiya, amma kafaɗa ta sauko mini kan dantse, wuya ya yi hamma, in na sunkuya sai na dafe. In na koma lambar ƙasa kafaɗa ta zauna, gaba kuma ya ɗage, ƙasan rigar ya yi sama ta gaba ya yi ƙasa ta baya, wasu layuka su taso daga hammata suna nuna ƙirji kamar masu kai ƙara. Dalili kuwa, yawancin manyan kamfanonin nan suna zana wa mace ce wadda tsakanin awon saman ƙirjinta, wato tef ya bi ta hammata ya wuce sama da mama, da awon cikar ƙirjinta, inci 2 ne kacal. Ni saman 38 ne, cikar 42. Bayan shayar da uku ba a tambayar dalili. Ke nan ƙashin jikina na mai lamba 40 ne, wato 38 da 2, inci 2 da suka rage duk a gaba suke, ba ruwan baya da kafaɗa da su.

Ga yadda nake yi yanzu. In kwafi gaban lamba 40 a takarda mai ruwan ƙasa. In sa ɗigo a inda tsinin ƙirji yake, nawa ba na takarda ba, don nawa ya fi nasu sauka da inci ɗaya da rabi. In ja layi daga ƙugu ya miƙe zuwa ɗigon, daga nan ya karkata zuwa ramin hannu. In yanka shi da almakashi, amma in bar ɗan ƙiris a bakin ramin hannun, ya zama kamar ƙyaure da ke juyawa. In sake yanka wani daga gefe, ta tsakiyar dat, wato ɗan ninkin nan mai tsini da ake ɗinkewa don riga ta bi siffar jiki, zuwa kusa da ɗigon, shi ma in bar ƙiris. Sai in buɗa layin tsayen nan inci 1, faɗinsa ɗaya tun daga ɗigo har ƙasa. Inci 1 a rabin gaba, inci 2 ke nan a riga. Kina buɗawa za ki ga dat ɗin gefe ya wage baki da kansa, ɓangaren gefe kuma ya sauko ya fi na tsakiya tsawo. Sai a yanke na tsakiyar a kwance a sauko da shi su daidaita, a cusa takarda a ƙarƙashi a manne. Wannan ƙarin tsawon shi ne ke hana gaban riga ɗagewa. Ƙugu zai ƙaru da inci 1 a kowane ɓari, in kina so ki kama shi da dat na ƙasa. Ni bari nake, tuwon dare ma yana da haƙƙi.

Ranar da na nuna wa Goggo wannan fiɗar ta daɗe tana juya takardar. Ta ce ita ba ta san sunansa ba, amma shi take yi in ta ƙara wa gaba tsawo ta zurfafa dat. "Ke kina yi da salatif, ni ina yi da ido. Zanen aro dai ba ya rufe katara, sai kin ƙara masa."

Tsawo bai ba ni wahala haka ba. Burda mace mai santimita 168 suke zana wa, ni 157 ce, kuma da na ɗauka a ƙasa kawai ake ragewa wurin kalmasa. In kika yi haka ƙugun riga zai sauka kan mazaunai, yadi ya taru a gadon baya. Ninke takardar ake yi a tsakanin hammata da ƙugu, a cire abin da ya kamata a can, sauran a siket.

Sai hannu, wanda ya kunyata ni a Rigasa. Da na dawo gida na auna: bakin hannun rigar inci 9 da rabi, gwiwar hannuna a lanƙwashe inci 12. Ko da addu'a ba zai wuce ba. Wanda ya zana bai yi laifi ba, bai dai taɓa tunanin za a naɗe hannun nan sau biyar a yini ba. Yanzu duk hannun da zai wuce gwiwa, ko in buɗa shi in sa roba a baki, ko in tsaga shi in sa maɓalli. A dantse kuma ina barin inci 2 a kan awona, domin atamfa ba ta miƙewa ko kaɗan, ba irin yadin roba ba ce da ke yafe kuskure.

Akwai wani abu a hammata da ya saɓa wa hankalina. In riga ta hana ni ɗaga hannu, da sai in ƙara zurfafa ramin, wai in sami sarari. Ashe ƙara lalata ta nake. In ramin ya yi ƙasa, kina ɗaga hannu za ki yi shanya ko ki sauko da tukunya, rigar gaba ɗaya ce za ta biyo ki sama. Ramin da ya matso kusa da hammata shi ke barin hannu ya yi harkarsa jiki ya zauna. Goggo kuma ta tuna mini ɗan ƙyallen nan mai kusurwa huɗu da ake sakawa a hammatar rigunan maza na da, inda hannu ya haɗu da jiki. Na ƙi shi da farko, ina ganin tsohon yayi ne. A cikin zanen atamfa ko ganinsa ba a yi.

Baba, Allah ya jiƙansa, a masaƙa ya yi aiki a Kakuri, lokacin da Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 da sauran 'yan uwanta suke juyi dare da rana. Ba ya ɗinki, amma in ya ga an shimfiɗa yadi a karkace sai ya yi magana. Shi ya nuna mini cewa zaren tsaye, wanda ya bi bakin atamfa inda ake rubutu, ya fi na kwance tauri, a karkace kuma yadi miƙewa yake. Doguwar kibiyar da ke kan kowace takardar yanka abin da take nufi ke nan, a daidaita ta da bakin yadi. Sai dai atamfa tana da nata ra'ayin. Faɗinta bai kai inci 50 ba, yawancin zanenta kuma an tsara shi ne don ɗaura zani, ya zagaye jiki a kwance. In kika bi kibiya ido rufe, tsuntsayen jikin atamfar za su tashi suna kallon gefe, ko babban fure ya sauka a inda ba kya son ido ya sauka. Ni zanen nake fara bi, amma duk ɓangarorin jikin rigar su fuskanci waje ɗaya, kar gaba ya bi tsaye baya ya bi kwance, in ba haka ba wanki biyu za ki ga gefe ya murɗe.

Maganar wanki kuwa, masu koyarwa a intanet kullum cewa suke a wanke yadi kafin a yanka, don auduga tana ɗan shiga. Gaskiya ne. Amma wace ce za ta jiƙa sabuwar atamfar Salla ta kashe mata ƙyalli tun ba a gan ta ba? Na zaman gida ina wankewa. Na fita kunya kuwa inci ɗaya da rabi nake bari a ciki ta kowane gefe, kamar yadda Goggo take yi. Yana maganin wanki, yana kuma maganin awon da aka ɗauka a tsakiyar azumi.

Ba na ƙara taɓa turmi sai na gwada a tsohon zanen gado, irin na gwanjo da nake tsinta a Kasuwar Barci. In harhaɗa da dogon ɗinki, in sa, in bar madubi tukuna. In naɗe hannu har sama da gwiwa. In yi ruku'u, in zauna zaman tahiya. In sunkuya kamar zan goya autana. In ɗaga ƙafa kan kujera 'yar tsugunne kamar mai shiga Keke Napep a Kawo. Duk inda ya ja, 'yata tana tsaye da biro tana zana mini a jikin zanen, tana dariya, wai Umma ta zama allo. Maigidan ya taɓa shigowa ya tarar da ni a haka, sanye da furannin zanen gadon wasu mutane, ya ce, "Lafiya dai ko?" ya juya abinsa. In gyaran ya zauna sai in mayar da shi kan kwali mai kauri, in rubuta wata da shekara, in huda in rataye a ƙusa bayan ƙofa. Uku ne a rataye yanzu, kowanne ya ɗara na bayansa faɗi.

Ita kuwa rigar mai ruwan goro, ban yar ba. Na sa reza na farke hannuwan, na yanko daga gefen ɗankwalin, na sa ƙyalle a hammata, na tsaga bakin hannu na jera maɓalli uku-uku. Ɗankwalin ya ɗan gajarce, ɗaurin ba ya tashi kamar da. Makon jiya na sa ta zuwa Tudun Wada gaida Goggo. Tun kafin in gama zama ta tura wata jikarta ta ciko buta, ta ajiye a gabana, alhali ko sha biyu ba ta yi ba.

Ta ce, "Naɗe mu gani."