Ɗan tabon da ke tsakiyar taga

Laraba, da dare.

Yau kasuwa ta yi sanyi. Tun safe hazo ya lulluɓe gari, mutum biyu kacal suka shigo shago, su ma hoton fasfo, sai wata baiwar Allah da ta kawo hoton mahaifinta a gyara mata inda ruwa ya ci. Kafin azahar na gama. Aka ɗauke wuta, ban ga dalilin ƙona fetur a janareta ba, sai na jawo benci bakin ƙofa na shiga waya. Can na tarar masu hoto na duniya suna ta ce-ce-ku-ce a kan kyamarar da Leica, kamfanin kyamara na Jamus, za ta fitar ta gaji M11. Har suna sun raɗa mata, M12, ana cin suna jariri na ciki.

Ni dai ban taɓa riƙe Leica a hannuna ba. Da M11 ta fito a Janairun 2022, dala 8,995 aka sa mata, gangar jiki kawai, ba gilashi. Ko na haɗa shagon da babur ɗina na sayar, ba su kai ba. Amma hasashe ba a biyan kuɗinsa, sai ni ma na tsunduma.

Yaron shagona ya leƙo wayar ta bayan kafaɗata ya ce, "Maigida, wai kyamarar da ba ta saita kanta, ita ce ta fi mota tsada?" Maimakon dogon bayani, na tashi na buɗe durowa na ciro tsohuwar Yashica Electro 35 da ubangidana ya bar mini, Allah ya jiƙansa. Irin batirinta tuni aka daina yi, amma ma'aunin nisanta ba ruwansa da batir. Na ce ya leƙa tagar kyamarar ya auna butar mai shayin da ke tsallaken titi. A tsakiyar tagar akwai ɗan tabo rawaya-rawaya, a cikinsa bakin butar ya rabu biyu. Na ce, juya zoben gilashin a hankali. Ya juya, ya wuce, ya dawo, sai ya ce, "Kai! Sun haɗe!" To sirrin ke nan gaba ɗaya. Taga biyu ne a goshin kyamarar, kowacce na kallon abu daga inda take, kamar idanun mutum. Gilashin yana tura wani ɗan hannu a ciki, hannun yana motsa hoto na biyu, in suka hau kan juna saiti ya yi. Jamusawa suna kiran abin Messsucher, daga nan harafin M ya samo asali, tun M3 ta 1954.

Rigimar yau duk a kan wannan tabo take. Wasu na cewa lokaci ya yi da za a cire shi a sa ɗan allon lantarki a cikin taga, kamar sauran kyamarori. Hujjarsu tana da ƙarfi, ban musa ba. Sensar M11, wato abin da ke ɗaukar hoto a madadin fim, megapiksel 60 ce, kuskuren da bai kai silin gashi ba sai ya fito ɓaro-ɓaro in ka buɗe hoton a kwamfuta. Kuma kayan ƙarfe ne da madubi, in kyamara ta bugu saitin yakan goce, sai an kai wa gwani. Ba ta iya auna abin da ya matso ƙasa da santimita 70. Wasu kuma na fatan a haɗa biyun, kamar yadda Fujifilm ta yi a X100 tun 2011, ko da yake ita waccan kama kawai ta yi da masu auna nisa, ba jininsu ba ce.

Nawa hasashen: ba za su taɓa tabon a wannan jerin na M ba. Mutanen Wetzlar, garin da Leica take, sun san wanda yake ba su kuɗi. Ba kaifin hoto yake saye ba, da shi ne da ya samu a rabin kuɗin. Abin da yake saye shi ne ya leƙa ya ga duniya yadda take, da fararen layuka sun zana masa iyakar hoto, yana hango mai keken da zai shigo tun bai shigo ba. Wanda ya taɓa tsayawa a gefen hanya ranar hawan Sallah yana jiran doki ya zo daidai, ya san darajar ganin abin da ke wajen layi.

Inda nake ganin za su ji jiki shi ne maganin rawar hannu, wato sensa ta riƙa motsi don kada hoto ya girgiza. M11 ba ta da shi a jikinta, kuma da wannan yawan megapiksel ana buƙata. Sai dai sensa mai motsi tana son wuri, su kuwa sun sha wuya kafin su rage ƙibar kyamarar. Sai a M10 ta 2017 ta koma siririya kamar na zamanin fim, masoyanta suka yi ta murna. Su sake kumbura ta? Da kamar wuya. In injiniyoyinsu sun iya cusa shi ba tare da ta ƙara kauri ba, to sun ci kuɗinsu. Murfin ƙasan nan da ake kwancewa kafin a kai ga batir, wanda suka jefar a M11, ba na jin zai dawo, kuma ban yi kewarsa ba, ni da ban taɓa kwance shi ba balle.

Na dai ja wa yaron kunne a kan ɗokin sabon abu. Ba Leica ce ma ta fara yin mai auna nisa ta dijital ba, Epson ce, da R-D1 a 2004, megapiksel 6, har da ɗan hannun da ake ja da babban yatsa kamar ana tura fim alhali ba fim. Da Leica ta fito da M8 a 2006, sai aka ga baƙaƙen tufafi, musamman na roba-roba, suna fitowa shunayya, saboda sensar tana ɗaukar hasken da ido ba ya gani. Dole kamfanin ya raba wa masu saye matatar gilashi kyauta. Na ce masa, ka ƙaddara ka je biki da ita, ƙawayen amarya duk cikin baƙar abaya, ka kawo musu hoto kowa ta koma ruwan makuba. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Da ko kuɗin mota ba za su ba mu ba, Maigida."

Da la'asar na jefa Yashicar a jaka na taho da ita gida, don hannuna ya ƙi rabuwa da ita. Bayan magariba, har yanzu ba wuta, ƙaramar 'yata tana zaune kan tabarma tana aikin makaranta a gaban fitilar caji. Hasken ya kwanta mata a gefen fuska, irin wanda mai hoto ke roƙo. Ba fim a ciki, amma na ɗaga na auna idonta. Na juya zobe. Na sake juyawa. Tabon yana nan, amma na kasa rabe ko sun haɗe ko ba su haɗe ba, komai dishi-dishi. Na goge taga da bakin riga, na cire tabarau, na mayar. Haka dai. Na miƙa mata na ce ta auna ni. Ko daƙiƙa uku ba ta yi ba ta ce, "Baba, ai ga shi nan, hancinka ya zama ɗaya."

Uwarta tana daga kicin ta ce dama tun bara take faɗa mini in koma a sake auna mini ido, na ƙi ji. Ban tanka ba. Na koma waya na sake karanta abin da masu son allon lantarki suka rubuta, wannan karon a hankali, har da wani da ya ce yana so ya riƙa ƙara girman hoton a cikin taga kafin ya danna. Da rana na wuce shi da tsaki.

Gobe akwai ɗaukar walima ƙarfe goma, ga batira biyu ba caji. In ba su kawo wuta ba kafin asuba, sai na biya ta wurin mai cajin waya.