Jijiyar da ta tsiro ba a wurinta ba

Wata biyu 'yata ta yi lafiya lau. A na uku ne, da ta kama nono sai ta saki ta callara kuka, gumi ya jiƙe mata goshi kamar wadda ta yi daka. Hajiya ta ce ciwon ciki ne. A wani asibiti aka ce limoniya ce, aka yi ta yi mata allura har sati biyu, shiru.

Likitan zuciyar yara ne ya gano, da na'urar eko, mai ɗaukar hoton zuciya. Ashe zuciya, duk da ita ke tura jini, ita ma sai an shayar da ita. Jijiyoyi biyu ke wannan aiki, kuma daga awota ya kamata su fito, babbar jijiyar da ke ɗauke da jini mai iska. Ta hagun 'yata daga jijiyar huhu ta tsiro. Farkon haihuwa matsin jini a can yana da ƙarfi, shi ya sa ba mu ga komai ba. Da ya sauka, sai jinin ya riƙa komawa baya, naman zuciya ya zauna da yunwa. Ni da nake gyaran injin ban ruwa, tun bai rufe baki ba na fahimta. Kukan nan ciwon ƙirji ne irin na manya, bakin faɗa ne ba ta da shi.

Wannan ciwo na jijiyar da ta tsiro ba a wurinta ba, ALCAPA ake ce masa. Likitoci uku, Bland da White da Garland, suka bayyana shi a Boston a 1933. Kusan jariri ɗaya cikin 300,000 yake samu, kuma in ba a yi aiki ba, tara cikin goma ba sa cika shekara.

A Indiya aka yi mata, bayan mun sayar da gona. Aka ɗora ta kan injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu, aka yanko jijiyar da ɗan zagayen fatar da ke bakinta, aka ɗinke a jikin awota. Da jijiyar ba ta kai awota ba, da sai a yi mata hanya ta cikin jijiyar huhun, dabarar likita Takeuchi na Japan tun 1979. Akwai kuma wata ƙofar zuciyar da ke yoyo, ita kuwa ba su taɓa ba, wai in zuciya ta ƙoshi takan gyaru. Ban yarda ba a ranar.

Sai da aka shafe watanni kafin eko ya nuna yoyon ya ragu. Har yau in tana shan nono uwarta sai ta shafa mata goshi, ta duba tafin hannunta.