Sanyin da ke bi ta cikin silin

Duk wanda ya taɓa shiga cikin silin a Sakkwato a watan Afrilu ya san sana'armu ba ta raggo ba ce. A waje zafi ya haura digiri 40, ƙarƙashin kwano kuwa numfashi ma da ƙyar. A nan muke wuni ni da yarana uku, muna jan bututun esi.

Abin da shagona ya fi ƙwarewa a kai shi ne esi mai siririn bututu. Inji guda ne a ɓoye, yana tura iska da ƙarfi cikin babban bututu, daga nan ƙanana masu faɗin inci 2 su rarrabu zuwa ɗakuna. A cikin ɗaki ba ka ganin komai sai ɗan baki zagayayye a kusurwar silin, bai wuce bakin kofi ba. Daga Amurka tsarin ya zo, inda kamfanoni irin su Unico da SpacePak suka yi suna da shi wajen sanyaya tsofaffin gidaje ba tare da an farfasa bango ba. Mu ma nan kusan dalilin ke nan. Mutum ya kashe kuɗi ya yi silin na gani na faɗa, ba ya son akwatin esi rataye a kowane bango. In an sa inji mai aiki biyu, da hunturu ya kankama sai ya koma ba da ɗumi, abin da tsofaffin gida suka fi yi mana addu'a a kansa.

A hannun wani dattijo mai gyaran firji na koyi aiki, Allah Ya jiƙansa. Wata uku na yi ba ya barina in taɓa komai sai buɗe bakin bututun jan ƙarfe, wanda gas ɗin sanyi ke bi ta ciki. In na gama, ya ɗaga shi a hasken rana ya duba, in ya hango tsaga ko kamar gashi ce, ya miƙo min: "Ɗana, yanke ka sake." Kowane haɗi sai an shafa masa ruwan sabulu an tsaya an ga ko zai yi kumfa. Har yau haka nake yi, kuma ba na sakin gas sai na zuƙe iska da danshin da ke cikin bututu da famfonsa.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne 'yan kwaikwayo. Bara wani Alhaji a Mabera ya ji farashina ya ce, "Haba Malam, wani ya ce zai yi min a rabin wannan." Na yi masa fatan alheri. Da damina ta sauka ya kira ni. Na hau na tarar an ja masa bututun ruwa na roba tsirara, babu rigar da ke hana sanyi gudu, yana ta zufa yana ɗiga, silin ɗin falo duk ya yi taswira. Ba su sa guntun bututun da ke shanye ƙara a ƙarshe ba, kowane ɗaki sai fito yake kamar usur. An kuma saita baki guda daidai kan gadon Hajiya. Bututun gas ɗin ma da na kankare da wuƙa, alminiyom ne aka shafa wa kalar jan ƙarfe. Iska mai ƙarfi irin wannan, in aka bar mata ƙofa ko kamar ta allura, a cikin silin za ta ƙare, kai kuma kana biyan kuɗin wuta. Kwana tara muka yi muna warware aikin muna sakewa.

Duk gidan da muka yi wa aiki, da ƙurar hunturu ta taso nakan tura yaro ya wanke matatar iska, domin in ta toshe sai ƙanƙara ta kama injin, sanyi ya tsaya. Wanda ke gini kuma, ya kira mu tun kafin kafinta ya rufe silin.