Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Shekarar da Teku Ta Daskare

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a inda na bar ɗakin kwanan ɗalibai na kama haya a gidan Kyaftin, can wajen Deal Island, 'yar tafiyar mota daga garin Princess Anne a jihar Maryland ta Amurka, inda nake karatun noma. Yau maganar hoton nan zan yi, wanda aka ɗauke ni a wajen farautar agwagi, Yaya ya zaga da shi yana cewa na zama mai kiwon kare, mai tara gumaka, mai cin mushe. 'Yan gidanmu sun san hoton da nake nufi, har waɗanda ba su taɓa ganinsa ba sun ji labarinsa daga bakin Yaya, kuma labarin Yaya kaɗai suka ji. Allah ya jiƙan Yaya, na yafe masa tun yana raye, amma yafiya ba ta hana a faɗi yadda abu ya faru.

Kyaftin masunci ne. Da zafi yana kamun kaguwa, da sanyi yana kwasar wani abin ruwa mai ɓawo irin na ƙumba, wanda mutanen can ke ci da marmari. Idan kaka ta yi kuwa, hankalinsa na kan agwagin ruwa. Mashigin tekun Chesapeake da muke bakinsa ya kai mil 200 a tsawo, amma ba shi da zurfi, galibinsa bai wuce ƙafa 21 ba, ga fadamu ta ko'ina. Don haka duk shekara agwagi da dinya suke barin Kanada idan sanyi ya matsa musu, su sauko nan su ci hunturu. Ni ɗan fadamar Haɗeja ne, na tashi ina ganin baƙin agwagi na zuwa mana daga Turai da rani, su sauka tare da kirinjijiya da dinyarmu ta gida. Ranar da na faɗa wa Kyaftin haka sai ya ajiye wuƙar sassaƙarsa ya dube ni sosai, daga nan ya fara ɗaukata a matsayin wanda za a iya fita da shi.

Farautar can da doka take tafiya, kuma dokar ba ta wasa ba ce. Sai ka yanki lasin na jiha, ka sayi kan sarki na musamman mai hoton agwagwa wanda gwamnatin tarayya ta fara sayarwa tun 1934. A lokacinmu dala 5 ne, kuɗin kuma a sayen fadamu ake sa su domin tsuntsayen. Bindiga ba ta ɗaukar harsashi fiye da 3. Ba a zuba hatsi a yaudari tsuntsu, ba a ɗaure agwagwa mai rai ta kira 'yan uwanta, duk an hana tun 1935. Akwai lokacin farawa da safe, akwai lokacin tashi da faɗuwar rana, akwai adadin da ba ka wucewa. Kyaftin ya ba ni labarin kakanninsa da suke ɗora wata ƙatuwar bindiga a kan kwalekwale, su lallaɓa cikin dare su kashe garke guda da harbi ɗaya, su tura kasuwar Baltimore. Yana faɗa yana girgiza kai. Ina sauraronsa ina tuna Baffa, wanda ya yi shekarunsa yana harbi da baka a dajinmu, kuma yake cewa: abin da ƙishi ya kawo bakin ruwa baƙon Allah ne, ba a ɗana masa kibiya.

Agwagin katakon nan da Yaya ya kira gumaka, su ne Kyaftin ke sassaƙawa da hannunsa, ya shafa musu fenti, ya ɗaura musu igiya da dalma a ƙasa, a zuba su a kan ruwa domin na sama su ɗauka 'yan uwansu ne suka sauka. Daidai suke da kan burtun da Baffa ke ɗaurawa a goshi yana rarrafe cikin ciyawa, kuma ban taɓa jin wanda ya ce Baffa na bautar burtu ba. A Crisfield, nan kusa da mu, an yi wasu 'yan uwa biyu masu aski, Lem da Steve Ward, da sassaƙarsu ta shahara har masu kuɗi ke zuwa saye don ado. Na Kyaftin ba na ado ba ne, duk sun sha ruwan gishiri sun koɗe.

To, hunturun ƙarshen 1976 zuwa farkon 1977 shi ne wanda har yau tsofaffin yankin ke lissafi da shi. Sanyi ya sauko da wuri, bai ɗaga ba. Ruwan teku ba ya daskarewa da sauri saboda gishiri, amma na Chesapeake gauraye yake da ruwan koguna, ga rashin zurfi, sai ya kama. Farko ƙoramu, sannan bakin kogin Manokin, sannan har tsakiyar mashigin. Jiragen masunta suka maƙale a inda aka ɗaure su. Mutanen tsibirin Smith da na Tangier sai da jirgi mai saukar ungulu aka riƙa kai musu abinci. Na ga magidanta suna yanka ƙanƙara da injin yankan katako, su zura dogayen sandunansu ta ramin don su samu abin kai wa iyali. A lokacin ne aka rantsar da Jimmy Carter shugaban Amurka, ran 20 ga Janairu, kwana guda bayan dusar ƙanƙara ta sauka har a Miami. A gida kuwa ana ta bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a Legas, abokaina ɗalibai ba su da zance sai shi.

Kwanakin ƙarshen farauta kenan, kuma Kyaftin ya ce su ne masu wuya ko ba irin wannan sanyi. Agwagwar da ta kai Janairu da rai ta sha harbi tun daga Kanada, ta san bukkar maharba, ta san kiran ƙarya. Don haka ba a cika busa mata ba, ba a zuba mata katako da yawa. Kuma idan sanyi ya yi tsanani ba ta tashi da asuba, sai rana ta ɗan ɗaga, don tana tattalin ƙarfin jikinta.

Mukan fita duhu-duhu duk da haka, saboda aikin fasa ƙanƙara. Ba a farfasa ta ƙanana, in ka yi haka gutsattsarin za su cika wurin, tsuntsu ya gane daga sama. Sai ka tsaga ta fai-fai da gatari, ka danna gefe ɗaya da ƙafa, ka tura faifan ƙarƙashin sauran, har ruwa ya buɗe baƙi wuluk. Ka zuba agwagin katako. Kafin ka koma bukka feshin ruwa ya daskare a bayansu, sun fara ƙyalli, wasu sun yi nauyi sun kife. Sai ka sake shiga ka tsoma su ɗaya bayan ɗaya. Idan iskar arewa maso yamma ta kwana tana kaɗawa, takan kore ruwan daga mashigin, ka wayi gari kwalekwalenka na zaune a kan daskararren taɓo. Idan teku ta ciko kuma, ƙanƙarar ta motsa, ta tsinke igiyoyi ta tafi da katakon da mutum ya yi wata yana sassaƙawa. Kyaftin ya gargaɗe ni kan dogon takalmin roba mai kaiwa ƙirji: in ka zame ruwa ya cika shi, a wannan sanyin hannunka zai mutu kafin ka kama bakin jirgi. Kullum yakan ɗaure min ɗamara a kai da kansa, ya ja ya ji ta kama, sannan ya ce, "Ɗana, mu je."

A cikin bukkar nake sallar asuba. Da alwalata nake fitowa daga gida in riƙe ta. Kyaftin yakan matsa gefe, ya riƙe karensa, ba ya cewa uffan har in sallame. Shi ma mai ibada ne a addininsa, ba ya taɓa bindiga ran Lahadi.

Karen nan shi ne rabin laifina a wurin Yaya. Irin karnukan yankin ne, jajaye-jajaye, gashinsu mai kauri da maiƙo, ruwa ba ya ratsa shi. Na ga ya faɗa cikin ruwan da ni ba zan iya tsoma yatsa ba, ya ɗauko agwagwa bai ƙuje ta ba, ya fito ya girgije, ƙanƙara na rataye a haɓarsa. Yaya ya yi karatu a zaure fiye da ni, ya san aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabba ta kamo, ya san matsayin kare a mazhabarmu ta Malikiyya. Batun mushe kuma, ni na fi kowa kiyayewa. Ban taɓa ɗana kunama ba sai da bisimilla. Wadda na samu da sauran rai, in fuskanci alƙibla in yanka da wuƙata. Wadda ta faɗa cikin ruwa aka ɗauko ta a mace, ba na ci, saboda hadisin Adiyyu ɗan Hatim, inda aka hana cin abin da aka tarar cikin ruwa, don ba ka sani ba ko ruwan ne ya kashe shi ko harbinka. Irin waɗannan matar Kyaftin ke dafawa su ci, nawa kuma ta ware min tukunya daban. Shekaru bayan haka, a zaman makokin Goggo, na zayyana wa Yaya duk wannan a gaban mutane. Ya ce ai maganar ta wuce. A wurinsa ta wuce.

Ranar da aka ɗauki hoton, ko'ina ya toshe, sai wani ɗan wuri a bakin wata ƙorama inda ƙarfin gudun ruwa ya hana shi kamawa. Muka ja kwalekwale a kan ƙanƙara muka isa. Ban taɓa ganin tsuntsaye sun taru haka ba. Baƙaƙen agwagin fadama, waɗanda Kyaftin ke cewa sun fi kowace agwagwa wayo, ga su nan cunkushe, muna tsaye a fili suna kallonmu ba su tashi ba. Na harbi ɗaya da ta gifta, ta faɗi a kan ƙanƙara, kare ya kawo. Kyaftin ya karɓa, ya cire safar hannu, ya shafa ƙirjinta, ya kama yatsana ya ɗora a wurin. Ƙashi ne tsaye, kaifi guda, babu tsoka ta ko'ina. Abincinsu dodon koɗi ne da ƙananan halittun taɓo, duk ƙanƙara ta rufe. Ga ciyawar ƙarƙashin ruwa da wasunsu ke ci, tun ambaliyar guguwar Agnes ta 1972 ba ta farfaɗo ba.

Kyaftin ya buɗe bindigarsa, ya zare harsasai ya zuba a aljihu. Doka ba ta hana mu ba, lokaci bai ƙare ba, adadinmu bai cika ba, kuma mutumin nan ya yi makonni bai samu ko sisi daga ruwa ba, naman nan da ya yi masa amfani. Ya ce ba ya harbin abin da yunwa ta riga ta kayar. Tsigar jikina ta tashi, domin muryar Baffa na ji: baƙon Allah ne, ba a ɗana masa kibiya. Baffa a shekarar farin 1973 ya rataye bakansa, lokacin da barewa ke shigowa har bakin rijiyar gari, samari na yi masa dariya wai tsufa ya kama shi. Mutum biyu da ba su san da zaman juna a duniya ba. Na zare nawa harsasan. Muka tattara katako muka juyo, a bakin gaɓa wani maƙwabci ya ɗauke mu hoto: ni, da kare a gefena, da agwagin katako a gabana, da agwagwar nan guda a hannuna.

Bayan an rufe farauta, Kyaftin ya riƙa jan buhun masara a kan ƙanƙara yana kai wa wurin, masarar da ya saya bashi. Ina raka shi duk ranar da ba ni da aji.

Maganar Baffa ta bi ni har cikin aikina. Lokacin da nake aikin gona na gwamnati, bayan dam ɗin Tiga ya rage ambaliyar fadama, sannan na Challawa ya zo a 1992, ruwa ya ja baya, tsuntsaye suka riƙa taruwa a 'yan tafkunan da suka rage, yara na kama su da raga buhu-buhu. Na yi faɗa a kai a taro, wasu suka ce na kwaso ra'ayin Turawa. A wurin Baffa na fara jinsa, ina ɗan yaro ina riƙe masa kwari. A Amurka ma an ci gaba da gyara, a 1991 suka hana harsashin dalma a farautar agwagi baki ɗaya, don tsuntsayen na haɗiye shi a taɓo su mutu.

Hoton na sa a wasiƙa na aika wa Inna, don ta ga ina lafiya, ina cikin mutanen kirki. Inna ba ta karatun boko, Yaya ne mai karanta mata. Abin da na rubuta a bayan hoton bai karanta mata ba. Ya sa shi a aljihu ya zaga da shi, gidan Kawu, majalisar ƙofar masallaci, har gidan su yarinyar da aka yi mana baiko kafin in tafi. Ya ce ga abin da ɗan'uwansa ya zama, mai kiwon kare, mai tara gumaka, mai cin mushe. Baffa ne kaɗai, yana kwance ba lafiya, ya karɓi hoton ya kai kusa da idonsa ya ce wannan ai burtu ne. Ba wanda ya saurare shi.

Wasiƙar Kawu ta iso ni bayan ƙanƙara ta narke, jirage sun koma ruwa. Layi kaɗan ne: iyayen yarinya sun dawo da kayan sa rana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi amsar da na rubuta masa, da dalilin da ya sa ban zo gida ba a hutun shekarar.