Noti mai juyawa a injin CNC haɗin gida: abin da aikin ya koya mini

Duk mai haɗa injin CNC, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, da zai ɗauki cikakken faifan katako, mai tsawon milimita 2440, sai ya ci karo da matsalar doguwar sandar sukuru mai ƙwallaye, wadda a tsarin da aka saba moto ke juyawa don notin da ke kanta ya tafi gaba ko baya. Sanda mai kaurin milimita 20 da tsawon mita biyu da rabi ba ta wuce juyi 400 da 'yan kai a minti ba za ta fara lilo a tsakiya kamar igiyar tsalle. Idan tiredinta na tafiyar milimita 10 ne a kowane juyi, gudun injin ya tsaya ke nan a wajen mita huɗu a minti. Lissafin ba ya sassauci: ka ninka tsawon sanda sau biyu, gudun da za ta jure ya koma kashi ɗaya bisa huɗu.

Dabarar ita ce a ɗaure sandar tam a ƙarshenta biyu, a ja ta ta miƙe, sannan a juya notin da bel mai haƙora. Moto ya hau gadar injin, wato ɓangaren da ke ɗauke da bakin yanka, yana tafiya tare da ita. Akwai wata riba kuma, moton ya huta da juya ƙarfe mai nauyi, don haka tashi da tsayawa suna yin sauri.

Amma wahalar ba ta gushe ba, wuri kawai ta sauya, ta koma kan saiti. A tsarin da aka saba, noti yana zaune ne, idan ya ɗan karkace to karkatarsa guda ce har abada. Da zarar ya fara juyawa, karkatar ma juyawa take yi tare da shi, tana tura sandar hagu da dama a kowane zagaye. Sai ka ga sandar da ba ta juyawa tana karkarwa, a wani takamaiman gudu kuma karkarwar ta tsananta, domin juyin notin ya yi daidai da kaɗawar da sandar ke yi a ɗabi'arta. Jan sandar da ƙarfi yana ɗaga wannan iyaka, ba ya kawar da ita.

Shi ya sa a ganina rabin aikin yana cikin bututun da ke riƙe notin. Mazaunin boris, ramin noti da fuskar da kafaɗar notin za ta kwanta, duk a fiƙe su a ɗauri ɗaya, ba tare da an kwance ƙarfen daga bakin injin fiƙa ba. Ka kwance ka sake ɗaurewa, tsakiya ta kauce. Boris kuma a sa irin masu ɗaukar turi ta tsawo, guda biyu baya da baya, a matse su har wasa ya ɓace. Su ne za su ɗauki jan bel, bai kamata ko kaɗan ya sauka a kan ƙwallayen noti ba.

Gwajin da na fi yarda da shi ba ya buƙatar wuta. A kafa agogon awo, mai allurar da ke nuna ɗan ƙaramin motsi, bakinsa ya taɓa sandar kusa da noti, a juya bel da hannu a hankali. Allura ta yi gaba ta dawo sau ɗaya a kowane zagaye, to notin bai zauna daidai ba. A sassauta kusoshin kafaɗa, a ɗan ƙwanƙwasa gefen da ya yi tudu, a ɗaure su ɗaya nan ɗaya can kishiyarta, a sake dubawa. Aiki ne mai cin rai, amma idan allurar ta dawo tana motsin 0.02 na milimita ko ƙasa, kunnenka ma zai ji bambanci in an kunna inji.

Sai daidaita sandar da layin da gadar ke gudu a kai. Layin shi ne shugaba, sanda ce ke bin sa. A bar maɗauran ƙarshe a sake, a kai gadar can ƙurya, notin da kansa zai nuna inda sandar ke son zama, a ɗaure a nan, a koma ɗaya ƙuryar a maimaita. Idan tafiya tana laushi a tsakiya tana tauri a gefe, saitin ne bai yi ba. Tsakiyar sanda tana lanƙwasa ta ɓoye laifi, kusa da maɗauri kuwa babu inda za ta lanƙwasa.

Mutane kan manta da giris. Bakin zuba shi yana jikin noti, noti kuma ya shige cikin bututu yana juyawa, don haka tun a zane ake huda masa hanya, in ba haka ba duk shafawa sai an warware komai.

Ga injin da tsawonsa bai kai mita ɗaya da rabi ba, ba na ganin dalilin wannan ɗawainiya. Sanda mai tiredin milimita 10 ko 20 da aka ɗaure da kyau ta wadatar.