Rukunai biyun da suka sha mini kai a jerin rundunar Rum

Gasar da na shirya wa ta DBA ce, wasan yaƙin zamanin da da ake yi a kan tebur, bugu na 3.0 da ya fito a 2014, da 'yan mutum-mutumi masu tsayin milimita 15. A wannan wasa ba a sayen mayaƙa da maki. Kowa rukuni 12 yake kawowa, kowane rukuni 'yan mutum-mutumi ne kaɗan a kan gindi ɗaya mai faɗin milimita 40, a kara a fili mai santimita 60 kowane gefe. Na ɗauki jerin runduna mai lamba II/33 a littafin wasan, Rumawan da suka yaƙi Hanibal, janar ɗin Kartaj, har zuwa yaƙin Zama a 202 kafin Miladiyya.

Goma daga cikin rukunan littafi ya riga ya yanke: janar a kan doki, wani rukunin mahaya, masu takobi huɗu, masu mashi biyu, 'yan sari-ka-noƙe biyu. Saura biyu, ko dai ƙarin masu takobi, ko dakarun ƙawance marasa nauyi. Nan aikin yake.

A takarda masu takobi sun fi. Ƙarfinsu, wato makin da ake ƙarawa kan abin da ƙwayar lido ta nuna in an kara, 5 ne a kan dakaru, na ƙawance 3. Amma da masu takobi sun shiga kurmi ko wani mugun wuri sai a zabtare musu 2, kuma a gaban mahaya 3 kawai suke da shi. Ga mayaƙan Gol (Faransa ta yanzu), masu afkowa a guje: ko da maki ɗaya suka fi masu takobi, sun hallaka su, babu zancen ja da baya. Giwa kuwa ƙarfinta 5 a kan dakaru, amma 'yan ƙawance ko 'yan sari-ka-noƙe suna rinjayarta ta mutu nan take. Tunda gasar ta zamanin yaƙe-yaƙen Kartaj ce, na san giwaye da Golawa ba za su rasa ba, sai na ɗauki 'yan ƙawance duka biyun. Ba kuma ni kaɗai zan tsara fili ba: kowa zai jefa ƙwaya ya haɗa da makin tsokana da littafi ya ba rundunarsa, wanda nasa ya gaza shi ne mai tsaron gida, shi zai zaɓi tuddai da kurmin da za a dasa, a jefa ƙwaya ta nuna sashen filin da kowanne zai zauna.

Gwajin da ya fi amfani shi ne na ƙwaya mai nuna 1. Kowane zagaye ƙwaya ɗaya ake jefawa, abin da ta nuna shi ne yawan motsin da za ka yi. Na jera rundunar a tebur na tambayi kaina: da motsi ɗaya tak, me zan iya? In ta rabu gida huɗu, uku za su tsaya kallo. Shi ya sa nake manna masu mashi a jikin masu takobi, sahu ɗaya, ga ƙarin maki 1 da mai mashi ke samu in kafaɗarsa ta jingina da tasu. Sai dai masu takobi na bin dakarun da suka kora rabin faɗin gindi, ko kana so ko ba ka so, sahu ya tsage, a kewaye wanda ya yi gaba. A ajiye mahaya a baya don toshe wannan kafa. Janar kuma kada a yi garaje da shi: rukuni huɗu ake rasawa a faɗi, shi kuwa a madadin biyu yake.

Kafin a aika jeri, a tambayi masu shirya gasa ko zaɓin nan zai canzu tsakanin wasa da wasa, don wasu suna kulle shi tun daga rajista. A rubuta lambar jeri da nau'in kowane rukuni yadda littafi ya taƙaita su. A auna zurfin gindi, mahaya milimita 30, 'yan sari-ka-noƙe 20, domin tsawon ja da baya na rataye da shi. A haɗa sansani, da kayan filin ƙasar noma irin ta Rum, da sandar awo mai zanen faɗin gindi. Ni maganaɗisu nake liƙawa a ƙasan kowane gindi, in jera su a akwatin ƙarfe, in ba haka ba tsinin mashi ya lanƙwashe kafin a isa zauren.